Ƙauyen Awlad Zina

Injin buga taswira ya sake cijewa da rabin takarda a bakinsa. Wasila ta ɗaka masa duka a gefe, ya yi ƙugi, ya ci gaba da amayo gundumar Bir Mansura a hankali, tun daga duwatsun yamma har titin Safakis. Ƙarfe takwas da kwata ne kawai, amma zafin Yuli ya riga ya cika ofishin tsare-tsaren, fanka sai kaɗa shi take daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ki lallaɓa shi, Wasila, shi kaɗai gare mu," in ji Si Lutfi daga bakin ƙofa.

Shi ne shugaban ofishin. Mutumin Susa ne, wata takwas ke nan da aka turo shi daga bakin teku, kuma har yanzu in ya ga rijiya sai ya tsayar da mota ya ɗauke ta hoto. Ba mugu ba ne. Bai dai san inda yake ba.

"Baƙuwar da ma'aikatar gwamnati ta turo ta taso daga Tunis tun asuba," ya ce. "Ƙarfe sha ɗaya a zauren gwamna. Kada mu sa ta jira."

Shekara biyu suna kan wannan aiki. An bi gida-gida ana tambayar mutane inda suke kwana da inda suke aiki. Wasila ta ja layi daga ƙofar kowa zuwa wurin aikinsa, inda layukan suka dunƙule ta zagaye wurin, ta ce wannan yankin aiki ɗaya ne. Daga nan aka auna kowane yanki: injiniya nawa, sababbin injuna nawa, ma'aikaci ɗaya me yake samarwa. Yankin da ya fi maki, nan gwamnati za ta gina cibiyar ƙirƙire-ƙirƙire, ta damƙa ta ga kamfanin da ya yi zarra a wurin. Yau za a faɗi sunansa.

Si Lutfi ya shimfiɗa taswirar a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan wani koren ɗigo. "Gonar Gobe. Ma'aikata arba'in kacal, amma tumatirinsu yana cika masana'anta biyu. Hajj Munji ya cancanta, wallahi." Ya ja yatsan zuwa wani jan ɗigo babba da layuka suka yi wa caa daga kowane ƙauye. "Wannan kuwa, Awlad Zina, kunya nake ji, har yau ban je ba. Mutum ɗari shida da sha biyu suna zuwa aiki can kullum! Titinsa yana da kyau?"

"Yau za ka gan shi, Si Lutfi," in ji Wasila, tana naɗe taswirar.

Babu wani ƙauye mai suna Awlad Zina, ba a gundumar ba, ba a ƙasar Tunisiya baki ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne, ɗaliban da aka ɗebo daga biranen bakin teku don yin tambayoyin sun riƙa tsayawa gaban matan ƙauye suna cewa, "Ina kike aiki?" Matan kuwa ba su taɓa sanin sunan gona ba. Mota ce ke zuwa kafin asuba ta kwashe su, yau ta sauke su a wannan fili, gobe a wancan. Abin da suka sani shi ne mai motar. Sai kowace ta ce, "Wurin Wuld Zina," wato ɗan Zina. Su kuma ɗaliban, da yake rabin ƙauyukan yankin da Awlad suke farawa, 'ya'yan wane da 'ya'yan wane, sai suka ɗauka bakin ƙauye ne ya tauna kalmar, suka gyara wa matan magana. Wani ma'aikaci a Tunis ya nemi garin a jerin sunaye bai gani ba, ya ba shi sabuwar lamba, ya dasa shi a tsakiyar gunduma.

Wuld Zina kuwa shi ne Hajj Munji mai Gonar Gobe. Motoci goma sha huɗu gare shi yanzu, filayen da ake sauke matan duk nasa ne, kuma ya yi shekaru ba wanda ya isa ya kira shi da sunan uwarsa a gabansa. Da aka kwashe masa mata ɗari shida da sha biyu aka kai su garin da babu, sai gonarsa ta fito a takarda tamkar injuna ne ke tsinkar tumatir.

Mako uku ke nan da Wasila ta gano. Gyaran ba zai ci mata minti goma ba. Ta dubi sunan a fuskar kwamfuta har idonta ya yi ruwa, sannan ta rufe fayil ɗin ta je ta haɗa shayi. Sauran 'yan ofishin da aka haifa a nan su ma sun gani, sun kau da kai, don kowa yana da 'yar'uwa a bayan ɗaya daga cikin motocin nan. Su tsoro ne ya rufe musu baki. Ita jira take.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Hajj Munji mota ɗaya gare shi, kuma shi ke tuƙa ta. Ya ɗebi mata talatin da takwas a baya, ya je zai wuce wata tirela a kan gada, motar ta kife cikin busasshen kwari. Tara suka mutu. Ta uku da aka jera a bakin titi Zuhra ce, mahaifiyar Wasila. Kwana huɗu ya yi a hannun hukuma ya fito. Ya zo gaisuwa da buhun sukari, ya ce ƙaddara ce, ya sha kofi biyu. Wasila tana da shekara sha tara a lokacin, ita ta kai masa kofin, kuma tun daga ranar take jin haushin hannunta da bai watsa masa a fuska ba.

Da ƙarfe tara da rabi ta fita baranda ta kira Khalti Mabruka, ƙanwar mahaifiyarta, wadda ta tsira daga wancan kwarin da karyayyen ƙugu, kuma har yau take hawa motar mutumin.

"Khalti, ni ce."

"Na san ke ce. Wa zai kira ni ina duƙe in ba mai zaman ofis ba? Faɗi da sauri, mai gadin nan ya zuba mini ido."

"Yau ne."

Wasila tana jin muryoyin mata daga nesa da ƙarar akwatunan roba.

"Binti, 'yata, ba na ce miki ki bar mutumin nan da Allah ba?"

"Shekara goma sha ɗaya na bar shi da Allah, Khalti. Ga shi har Makka ya je ya dawo da tumbi."

"Kul! Bakinki ya kiyaye. Ke in kin kayar da shi, ki koma ƙarƙashin fanka ki sha ruwan sanyi. Mu wa zai ɗauke mu gobe? Takardar taki tana da taya?"

"'Yar'uwarki ce fa ya kashe."

"Ni za ki gaya wa? Kanta a cinyata yake lokacin da ta cika. Amma mijina yana kwance, ga 'ya'yan 'yata Salwa uku a wuyana. Ki yi abin da za ki yi, tunda kin gaji taurin kan ubanki. Kada dai ki ambaci sunana."

Ta kashe wayar. Wasila ta tsaya tana kallon titi. Maganar ta taɓa ta, amma ba ta girgiza ta ba. Ta koma ciki ta ɗauki taswirar, ta ɗauki wata takarda guda da ta ɓoye a aljihun tebur.

Zauren gwamna ya cika. An jera gorunan ruwa da faranti-faranti na cincin ɗin dabino. A sahun gaba Hajj Munji ya baje cikin farar jabba, jar hula a ka, da ƙullin furen yasmin a bayan kunne kamar ango. An nuna hoton gonarsa a bango: bututun ban ruwa a jere, samari sanye da korayen kayan aiki, da wani ɗan jirgi marar matuƙi da ya sayo, wanda bai taɓa yin wani aiki ba sai ɗaukar wannan hoton. Aka tafa.

Kusa da shi baƙuwar take zaune, Dakta Najiba, 'yar siririyar mace mai tabarau a kan hanci, wadda ba ta tafa ba. Si Lutfi ya rataye taswirar, ya yi bayani mai kyau, gumi yana bin wuyan rigarsa. Wasila tana kallon Hajj Munji kawai. Ta ga lokacin da idonsa ya sauka a kan jan ɗigon, ya karanta sunan, leɓensa ya motsa. Ya miƙa hannu ya ɗauki gorar ruwa.

"Dakata, Si Lutfi," in ji Dakta Najiba. "Wannan jan fa? Mutum ɗari shida da sha biyu, duk mata, ba namiji ko ɗaya. Na duba, ba makaranta, ba asibiti, ba ko famfo. Wane irin gari ne wannan?"

Si Lutfi ya juya yana murmushi. "Wasila ce ta zana, kuma 'yar nan ce. Za ta fi ni sani."

Har a wannan lokacin tana da hanyar fita. Tana iya cewa kuskure ne, za a duba. Ta miƙe, ta ji ƙafafunta sun tsaya daram.

"Ba gari ba ne, Dakta. Mutum ne. Ga shi nan kusa da ke yana shan ruwa."

Wani a bayan zaure ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Gwamna, wanda shi ma baƙo ne a gundumar, ya dubi na hannun damansa yana neman bayani. Wasila ta ba su shi dalla-dalla, ba ta ɗaga murya ba. Ta faɗi yadda Wuld ya zama Awlad. Ta faɗi ƙarfe nawa motocin ke tashi. Ta faɗi yadda direbobi ke watsa ruwa a bayan mota kafin mata su hau, don kada kowa ta zauna, tunda a tsaye sun fi shiga da yawa.

"In kuna neman ƙirƙira, wannan ce kaɗai tasa," ta ce. Ta buɗe takardar hannunta. "Na mayar da matan inda suke duƙawa, na sake aunawa. Gonar Gobe ba ma'aikata arba'in gare ta ba, ɗari shida da hamsin da biyu ne. Makinta ya faɗo ƙasa da na masu gyaran famfo da ke bayan tasha."

Hajj Munji ya miƙe a hankali. Fuskarsa ta yi duhu, amma ya ƙaƙalo dariya. "Yarinya, ke 'yar wace ce?"

"'Yar Zuhra ce, ta ƙauyen Duwar Hamra. Ba lallai ka tuna ta ba, Wuld Zina. Ita tana baya, kai kana gaba."

Furen yasmin ɗin ya zame daga kunnen Hajj Munji ya faɗi kan kujera, bai ko lura ba. Daɗi ya ratsa Wasila tun daga maƙogwaro har ciki, kamar ruwan randa ranar azumi. Ba ta ji kunyar daɗin ba, kuma ba ta so ya wuce da wuri ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa gwamna, "matan nan ba ma'aikatana ba ne. A nuna mini sunan ɗaya a takardata. Rage musu hanya nake yi saboda Allah. Wannan ƙiyayya ce ta gida aka kawo ofis. Ku zo gonar ku gani da idonku."

"Za mu zo," in ji Dakta Najiba. "Yanzu."

Sai dai gwamna ya rantse ba baƙon da zai fita daga gidansa da rana tsaka bai ci kuskus ba, an riga an yanka rago. Haka aka zauna cin abinci awa biyu cur, aka bi da kankana, aka bi da shayi. Kujerar Hajj Munji babu kowa. Ta taga Wasila ta hango shi a jikin motarsa, waya a kunne, yana sarar iska da hannu.

Si Lutfi ya same ta a barandar gidan. Ya cire kwat ɗinsa, ya tsufa a cikin awa ɗaya.

"Tun yaushe kika sani?"

"Mako uku."

"Kika bar ni ina tambayarki ko titinsa yana da kyau."

"Da na faɗa maka, da ka gyara shi shiru."

"Ƙwarai kuwa da na gyara! Aikinmu ke nan, Wasila. Taswira muke yi, ba shari'a ba."

"Shi ya sa ban faɗa ba, Si Lutfi. Ka yafe ni. Ba kai na nufa ba."

"Amma ni kika taka kika hau." Ya goge wuyansa da hankici. "Daga gobe ki koma ɗakin ajiyar fayil. Zan rubuta."

Ta ce to. Ta san da wannan tun kafin ta miƙe a zauren, ta riga ta sallama kujerarta.

Sai wajen ƙarfe uku ƙaramar bas ɗin baƙi ta isa Gonar Gobe. Samari arba'in cikin korayen kaya sun jeru a bakin ƙofa, ɗan jirgin yana ta zuuu a sama. Babu mace ko ɗaya, babu motar ɗaukar mutane ko ɗaya. Hajj Munji ya buɗe hannuwa. "Ga gona, Dakta. Ina garin mata?"

Dakta Najiba ta wuce shi. Ta shiga cikin kunyoyin gonar da takalminta na birni, ta yi tafiya mai nisa. Akwatuna ne birjik a kowane layi, wasu rabi, wasu ba a fara ba, an watsar da su yadda suke. Ga gorunan ruwa naɗe da tsumma, ga ƙullin burodi da zaitun a gindin wata bishiya. Ta duƙa ta ƙirga sawun silifas a cikin laka har ta gaji. Da ta dawo ta dubi samarin, ta dubi hannayensu da ba su taɓa laka ba.

"Ba a nan za a gina cibiyar ba, Hajj," ta ce. "Kuma akwai waɗanda za su zo maka da wasu tambayoyi."

Hajj Munji ya juyo ya dubi Wasila. Yanzu babu dariya. "Kin ci, 'yar Zuhra," ya ce a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji. "Tunda ruwan motata ya dame ki, na busar da ita. Daga yau ba mai hawa. Je ki gaya musu ke kika cece su."

A hanyar komawa Wasila ta ce wa direba ya bi tsohuwar hanya ta bayan gona. Ba su yi kilomita uku ba suka iske su.

Mata ne iyakar ganin ido, a jere gefen titi biyu, kawuna naɗe da gyale, suna tafiya cikin ranar da ke narkar da kwalta. An koro su ta ƙofar baya tun lokacin da ake zuba romo a kan kuskus. Duwar Hamra kilomita goma sha takwas ne daga nan, wasu ƙauyukan sun fi. Wasila ta fara ƙirga su don sabo, ta kai ɗari biyu ta bari.

Dakta Najiba ta sa aka tsaya. Ta sauko, ta ce maza su fito a ba tsofaffi kujeru. Kujera goma sha biyar ce a bas ɗin. Matan suka tsaya suna kallonta, ba wadda ta fara motsawa. Labari ya riga ya iso su, don da suka ga Wasila sai ƙus-ƙus ya bi layin kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Wata ta ɗaga hannu ta yi guɗa, gajeriya, ita kaɗai. Wata ta tofar da yawu a ƙasa.

Khalti Mabruka tana can tsakiya, tana jan ƙafar hagu. Wasila ta ratsa ta isa gare ta.

"Khalti, zo ki shiga mota."

"In shiga in bar wa? Waccan ta girme ni, waccan tana da ciki." Ta tsaya tana mayar da numfashi, ta dubi Wasila sama da ƙasa. "An ce kin kira shi da sunan uwarsa a gaban gwamna."

"Na kira."

"Ya ya yi?"

"Furen kunnensa ya faɗi."

Wani abu ya motsa a gefen bakin tsohuwar, ta danne shi da ƙyar. Idonta ya kawo ruwa. "Zuhra da ta so ta ga wannan," ta ce. Sannan fuskarta ta koma yadda take. "To kin rama. Ya yi daɗi?"

Wasila ta duba zuciyarta da gaske, ta nemi nadama. Ta sami tausayi, ta sami tsoro mai yawa, amma nadama ba ta nan.

"Ya yi daɗi, Khalti."

"Madalla. Ni kuma ƙarfe huɗu na asuba zan tsaya a bakin titi kamar kullum, ni da waɗannan duka. Ki zo da takardarki ki nuna mana inda za mu je."

Daga baya direba ya danna ham. Si Lutfi ya leƙo yana kiran sunanta, an cika bas ɗin da tsofaffi, saura wurin tsayuwa ɗaya a bakin ƙofa. Wasila ta ɗaga masa hannu alamar su tafi. Ta karɓi ƙullin da ke kan Khalti Mabruka ta ɗora a nata.

"Zan zo," ta ce.

"Za mu gani," in ji tsohuwar, ta ci gaba da jan ƙafa. "Rage sauri, ba ofis za mu ba."